Yau An Samu Mai?

Tsakar dare direban motar asibitin ƙauye yana dawowa daga dakon albasar wani ɗan kasuwa, sai ga mace mai tsohon ciki a bakin gada tana ɗaga hannu. Ya tsaya, ta shiga baya ta kwanta.

Warin albasa ya ɗauke, ƙarnin jini ya cika motar. Ta madubi ya hango zanenta jiƙe sharkaf, ga shi ko numfashi ba ta yi. Ya taka birki, birki ya ƙi ci.

"Malam direba," ta ce, muryarta dab da kunnensa, "yau an samu mai ke nan? Ranar da nake naƙuda mijina ya durƙusa maka, cewa ka yi babu. Ja mu je. Ba asibiti za mu ba."