Takardar da Ta Faɗo Hannun Kafinta

"Ba a mayarwa," in ji Gwaggo, tana jera kujerun roba a jikin bango. Ko kallona ba ta yi ba.

"Gwaggo, wannan dai ki karɓa ki ba wani."

"Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ƙungiyar nan, ban taɓa karɓar takarda daga hannun wanda ya zaro ta ba. Ba kuma zan fara a kan ɗan ƙanena ba."

"Na san mai ita fa..."

"To ai sai ka fi kowa iya yi mata addu'a. Matsa in wuce."

Mu bakwai ne masu addu'ar roƙo a majami'armu. Akwai akwatin katako a bakin ƙofa, duk mai damuwa sai ya rubuta ya jefa, babu suna, sai wata alama da shi kaɗai zai gane. Ranar Lahadi bayan sujada kowannenmu ya zura hannu ya zaro. Kwana bakwai za ka yi kana roƙo a kan abin da ka zaro, sa'an nan ka rubuta a bayan takardar abin da Ubangiji ya sa a zuciyarka, ka mayar, mai ita ya zo ya ɗauka. Ba a nuna wa kowa.

Tawa an yago ta ne daga littafin 'yan makaranta, an rubuta da jan biro, manyan haruffa zagaye irin na mai rubutu a allo. Tun kafin in karanta na gane mai ita. Rubutun Malama ne, wadda aka yi mana baiko.

"Saura wata biyu ɗaurin aurena. Ina son sa, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ku roƙa mini Ubangiji, in ci gaba ko in fasa. Abin da aka rubuto, shi zan bi."

Shi zan bi... Wato aurena yana cikin aljihun rigata, ni ne kuma mai biro.

Ranar Litinin na rufe ƙofar shago da tsakar rana, na durƙusa cikin dusar katako, kusa da gadon da nake haɗa mana. Gwiwata ba ta gama taɓa ƙasa ba na ji amsa sarai: ta ci gaba. Har na fara godiya. Sai na tsaya. Ya aka yi muryar Allah ta yi kama da tawa haka? Har da saurin maganata.

Ranar Laraba na ɗauki azumi. Wajen yamma sai wata magana ta zo a hankali: sake ta. Na zauna a kan benci na yi kuka kamar yaro. Na ce to wannan ita ce, tunda tana da zafi. Amma can ƙarƙashin kukan na tsinci wani ɗan daɗi, ina hango kaina, bawan Allah da ya sadaukar da masoyiyarsa. Kunya ta kama ni. Idan ta farko son zuciya ce, ta biyu girman kai ce. To ina ta uku?

Washegari Malama ta biyo ta shago bayan an tashi makaranta, alli duk a gefen zanenta.

"Kafinta, gadon nan na aure ne ko na tarihi? Wata guda ƙafa uku."

"Ana lallaɓa shi ne, zuciyata."

"Ka rame fa. Wa ya taɓa mini kai?"

"Azumi nake."

"A kan me?"

"Wata... wata baiwar Allah ce ke cikin damuwa."

"Allah ya ji ka," ta ce, ta share mini dusa daga gira da yatsa. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na bi ta da kallo har ta sha kwana, ina tambayar kaina tun yaushe take dariya da ni alhali zuciyarta na tsaye.

Ranar Juma'a na ɗauki fensirin aiki na rubuta "Ki ci gaba" a kan guntun katako, don in ga yadda zai zauna. Ya zauna daidai. Wataƙila ma gaskiya ne. Idan Ubangiji ne ya faɗa, laifi ne don ni ma ina so? Amma na ga kaina bayan shekara ashirin, tana gaya wa 'ya'yanmu yadda Allah ya amsa mata a rubuce, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Na sa randa, abin goge katako, na kankare rubutun.

Ranar Asabar da hantsi na tafi gidansu. Na same ta a tsakar gida tana matse zanen gadon Baba, mahaifinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu ke nan. Su biyu ne a gidan tun rasuwar mahaifiyarta.

Na miƙa mata takardar. Ta goge hannu, ta duba gaba, ta juya baya. Fari fat.

"Kai ka zaro?"

"Ni ne."

"Ka karanta..."

"Sau ɗari."

Ta zauna a bakin bokiti. Idanunta suka cika.

"Ka san da ka rubuta eh, da na bi? Ko a'a ma da na bi."

"Na sani. Shi ya sa na kasa. Na ji eh, na ji a'a, duka da muryata. Ban san wadda ta fito daga sama ba, masoyiyata. Wataƙila babu ko ɗaya."

"Kwana shida kana tambayar Allah a kaina."

"Har da azumi."

"Ni kuma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Shekaranjiya ina tsaye a gabanka."

A duk muryoyin da na yi ta aunawa, wannan ba ta zo mini ba.

"To... me ke damun ki?"

"Gidan da ka kama, bene ne. Hawa na biyu. Ka kai ni ka nuna mini taga, ka nuna mini inda gado zai zauna, kana ta murna. Ni kuma matakala nake ƙirgawa. Ashirin da shida." Ta share hawaye da bayan hannu. "Wa zai juya Baba? Wa zai yi masa wanka? Na jira ka ambace shi, ba ka yi ba. Na ce ko ba ka so ne, in na faɗa ka amsa don kunya."

"Ban yi tunani ba ne. Sam ban yi ba."

"Wannan ya fi ciwo ai."

Ruwa na ta ɗiga daga zanen.

"Zan saki benen," na ce. "In nemi na ƙasa. Ko in dawo nan, in Baba zai iya jure ƙarar guduma."

"Kada ka faɗa don ka ga hawaye."

"Ban sani ba ko don hawayen ne. Makon nan na daina sanin dalilin komai nawa. Amma zan yi."

Sai ga murya daga cikin ɗaki, a hankali, harshe na nauyi.

"Ku daina... raɗa. Ina jin ku."

Malama ta rufe baki da hannu.

"Kai, kafinta," in ji Baba. "In za ka aure ta... zo ka koyi ɗaga ni. Ina da nauyi."

Ta yi dariya tana kuka, ta miƙe, ta ɗage labulen ƙofa. Na tsaya ban san ko in shiga ba.

"An fasa, ko ana nan?" na tambaya.

"Ana nan, sarkin azumi," ta ce. "Cire takalmi. Kai ta kafaɗa, ni ta ƙafa."