Huhun Uelese

"Sieni! Zo ki faɗa min wace ce wannan da take gode mana!"

Ina jin muryar Mama Tausala na ajiye ɗanyar ayabar da nake ɓarewa, na fito falo hannuna duk danƙo. Mama uwar marigayi mijina Uelese ce, kuma a gidanmu na garin Logan, a nan ƙasar waje, babu wasiƙar da take shigowa ba ta riga mai ita karantawa ba. Ga ambulan ɗin asibiti nan a farke kan cinyarta.

"Mama, ba ni in gani..."

"Kada ki taɓa! Ta ce an sa mata huhun wani. Huhun wa, Sieni?"

Na sunkuyar da kai. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wata takwas ke nan da mota ta buge Uelese a hanyar aiki, lokacin Mama tana can gida, tsibirin Savai'i. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, inji ne ke masa numfashi, suka nuna min sunansa cikin masu kyautar da sassan jikinsu. Na tuna ranar da ya rubuta, yana tsokanata: "Masoyiya, in na tafi a rabar da komai. Zuciyar ce kawai ba tawa ba, sai a tambaye ki."

Na kira Mama a waya don in faɗa mata zancen kyautar. Ban ko ƙarasa ba ta ce, "Cikakke na haife shi, cikakke zai koma." Na ce to. Na kashe wayar, na sa hannu a takardar amincewa.

Kafin ta iso ni kaɗai na sa masa farar rigarsa ta coci, na rufe maɓalli har wuya don kada ta ga ɗinkin. Ta rungume ni tana cewa ba a taɓa yin suruka irina ba. Wallahi wannan yabon ya fi zagi ƙona ni.

"Kin ce min to," in ji Mama yanzu.

"Na ce, Mama."

"Kika tsaya kina kallona ina shafa ƙirjin ɗana!"

"Shi ya so haka..."

"Rufe min baki! Ba yankan ba ne ya fi min ciwo, ƙaryar ce! Ranar Lahadi zan koma Savai'i. Ba ni da 'ya a ƙasar nan."

Ta shige ɗaki. Ni ina shekara tara uwata ta rasu, Mama ce uwar da na sani. Kuma a bakinta kaɗai nake ƙara jin dariyar Uelese.

A wajenmu, mai babban laifi yakan durƙusa a ƙofar wanda ya ɓata wa, a lulluɓe shi da lallausar tabarma ta gado, ba ya tashi sai an yaye masa. Manyan dangi ke rakiya. Ni ba ni da manya a Logan, tabarmar gadonmu kuwa an bayar da ita a jana'izar Uelese. Da gari ya waye na ɗauki wadda na samu, na durƙusa a ciyawar ƙofar gida, na rufa.

Rana ta ɗaga, tururuwa na cizo, maƙwabta na wucewa suna rage tafiya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai can na ji jan silifas ɗinta.

"Wace mahaukaciya ce ta ɗauke min tabarmar cin abinci?"

Na ƙara ƙanƙame tabarmar.

"Da wannan ake neman gafara? Duk maiƙon naman gwangwani, ga busasshiyar gwaza manne! Ke dai ba ki iya komai daidai ba."

Ba ta yaye ba. Na ji ta zauna kusa da ni da ƙyar, takarda na motsi a hannunta.

"Sau biyar na karanta. Saurara... 'Shekara shida ban iya hawa bene zuwa ɗakin 'yata ba. Lahadin da ta wuce na yi waƙa guda cur tare da mawaƙan cocinmu, ban tsaya neman numfashi ba.'"

Ta ja hanci.

"Waƙa fa, Sieni! Da huhun Uelese! Yaron da aka kora daga mawaƙan coci har sau biyu!"

Dariya ta ƙwace min a ƙarƙashin tabarmar, kuka ya biyo baya.

"Shekara ashirin ina roƙon Ubangiji huhun nan ya yi waƙa daidai," ta ce a hankali. "Ashe ya ji."

Sai haske ya bugi idona. Ta yaye tabarmar, ta kama fuskata da hannu biyu.

"Ki yafe min, Mama..."

"Kada ki ƙara ce min to alhali a'a ce a ranki. Tashi, 'yata. Ɗauko biro mu ba ta amsa."

"Ba a yarda a sa suna ba, Mama."

"To kada ki sa. Ki ce uwarsa ta ce ta riƙa ɗaga murya sosai, ko na jiyo daga nan."

"Daga nan? Savai'i fa?"

Ta harare ni, hawaye na bin kuncinta.

"In na tafi, wa zai sa ki wanke wannan tabarmar?"