Fuskar da Anti Ta Goge

Ana kiran sallar magariba ta iso gidan tarihi, rungume da akwatin da take yawon makarantu da shi. Aikinta ke nan: ta ɗauki wani abu cikin kayan mutanen da, ta kai wa yara aji, su kalla su zana. Yaran suna ce mata Anti Mai Zane. Ranar wani tsohon tulu ta kai, kuma dole ya kwana a sito.

Tun a hanya ranta ba daɗi. Da safe ta girke tulun kan tebur, ta faɗi abin da ta saba faɗa: "Kowa ya zana abin da ya gani, ba ƙari ba ragi." Duk aji suka zana tulu, na wasu kamar ƙwai, na wasu kamar albasa. Sai wata 'yar siririya da ake tsokana da Bahaguwa, ita ta zana tsohuwa a tsugune, ta rungumi tulun. Zanen ya yi kyau har ya ba Anti haushi, don ita da digirinta ba ta iya fitar da idanu haka. Ta ɗaga takardar sama.

"Ina tsohuwa a nan? Ko da kakarki kika zo makaranta?"

Aji ya fashe da dariya. Anti ta sa robar fensir ta goge fuskar tas, yarinyar tana kallo. Dariyar nan ta yi wa Anti daɗi a lokacin, kuma shi ne abin da ya fi ba ta kunya yanzu.

Maigadi ya tafi alwala, sai ta buɗe siton da kanta. Ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci, can ƙurya. Ta sa safar hannu, ta ɗora tulun a kantarsa, ta juya za ta fita.

Huuu.

Kamar an hura bakin kwalba. Ta tsaya cak. Tagogin siton a liƙe suke, iska ba ta da hanyar shiga.

Sai wari. Ba na ƙura da maganin gara da ta saba ba. Warin roba ne, irin wanda ke tashi idan an dirji takarda da ƙarfi. Ta dubi ƙasa. Ɓarɓashin roba baƙi-baƙi yana zubowa kan takalminta.

Ta waiwaya.

Tsohuwa ce a tsugune gindin kantar, ta rungumi tulun. Ga ɗankwali, ga wuya duk tamoji. Tsakaninsu babu komai sai toka-toka.

"'Yar nan." Muryar daga bakin tulun take fitowa, a hankali. "Ke kika ce ta zana abin da ta gani."

Anti ta nemi addu'a, harshenta ya ƙi.

"Tun da aka kulle ni nan, ita kaɗai ta dube ni."

Wani babban yatsa mai sanyi ya sauka kan kumatunta na hagu. Ya fara gogawa.

Sama. Ƙasa.

Ta ji wurin yana mutuwa.

Ƙarar buta ta ji a bakin ƙofa, da muryar maigadi: "Wa ke ciki?" Yatsan ya ɗaga. Da rarrafe ta fito, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da gari ya waye, fatar wurin ta koɗe, ba ta jin zafi ba ta jin sanyi. Likita ya ba da man shafawa. Tabon bai daina faɗaɗa ba, ya doshi ido.

Ta koma makarantar da gogaggiyar takardar. A gaban ajin da ya yi dariya ta durƙusa kusa da bencin yarinyar, kunya kamar ta nutse.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Gaskiya kika zana. Don Allah mayar mata da fuskarta."

Bahaguwa ta ɓoye hannunta na hagu ƙarƙashin benci. Idanunta suka wuce kafaɗar Anti, suka tsaya kan wani abu a bayanta, suka daɗe. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Ni ban ga kowa ba, Anti. Tulu ne kawai."