Tasha Ta Gaba, Gwammaja

Ku matso kusa. Ke Nafisa, rage fitilar nan. Kai kuma Sabi'u, daina kaɗa ƙafa. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a ciki. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu.

Akwai wani mutum, Haladu, ɗan Gwammaja a nan Kano, mai sana'ar kayan gyaran mota. Yakan je ƙasar Koriya, wani babban birni na bakin teku da ake kira Busan, ya bi wuraren da ake kwance tsofaffin motoci, ya cika kwantena ya turo gida. A wannan tafiyar ya bar matarsa Barira da tsohon ciki. Shekara goma sha ɗaya suna nema, sai yanzu Allah ya kawo.

Garin nan a kan duwatsu yake, daga hawa sai gangara, kuma bas ce ƙafar kowa. Ta ƙofar gaba ake shiga, ka manna kati a jikin wata 'yar na'ura, ta yi ƙara. In za ka sauka ka danna ƙararrawa, ka fita ta baya. Babu kwandasta, babu hayaniya. Muryar wata mace ce a lasifika take faɗin sunan kowace tasha. Sannan akwai kujera mai ruwan hoda da aka ware wa masu juna biyu.

Haladu ya san wannan sarai. Kada wani ya ce muku baƙunta ce.

Wata rana da la'asar ya shigo a gajiye, bas cike, sai kujerar nan kaɗai. Ya daɓe a kai. A tasha ta gaba wata matashiya ta shigo, ciki ya yi mata nauyi, ga jakar cefane a hannu. Ta zo ta tsaya daidai kansa. Ya ɗago, suka haɗa ido. Sai gogan naku ya lumshe ido, ya langaɓe kai, wai shi barci. A ransa ya ce, ni baƙo ne, wa zai yi mini magana?

A kan gangara wani mai babur ya gifta. Direba ya taka birki. Matar nan ta tafi gaba ɗaya, cikinta ya daki ƙarfen bakin ƙofa. Takalminta ɗaya ya fice. Mutane suka rufu a kanta, ƙofa ta buɗe, Haladu ya sulale ya fita kamar ɓarawon kaza. Bayan kwana uku wani dillalin da yake sayen kaya a wurinsa ya ba shi labarin matar nan: ba uwa, ba ɗa. Ya yi salati a fatar baki, ya ci gaba da ciniki. Ni dai wallahi ban taɓa jin tausayinsa a nan wurin ba.

Bayan kwana arba'in cif.

Da almuru ne, lokacin da ake cewa a shigar da yara gida. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Shi kaɗai a tasha. Bas ta zo, fitilu a kunne, babu kowa a ciki sai direba. Ya manna kati, ya wuce can baya ya zauna, don tun ranar nan ko kallon kujerar ba ya yi.

Ƙifta ido ɗaya ya yi. Da ya buɗe, a kan mai ruwan hoda yake.

Ya yunƙura. Kamar an ɗinke shi da ita.

Bas ta tsaya. Wata mace ta shigo. Na'urar kati ba ta yi ƙara ba. Ta tako a hankali ta tsaya daidai kansa. Bas ta sha kwana, mariƙan hannu duk suka karkata. Ita ba ta riƙe komai ba, kuma ko gezau. Haladu ya sunkuyar da kai. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Kuma tsakanin tafinta da daɓen mota, za ka iya zura hannu.

Ko fatalwa ce, ko aljana ce ta ari kamanninta, Allah ne masani.

Lasifika ta yi ƙara. Muryar macen nan da ya saba ji ta fito, amma da Hausa tsantsa.

“Tasha ta gaba, Filin Jirgi.”

Ya kalli taga. Babu teku, babu dogayen benaye. Ga 'yan adaidaita sahu suna wucewa.

“Yau ma barci kake yi?” Bakin matar a rufe yake. Daga lasifika maganar take fitowa.

“Baiwar Allah…”

“Yau idonka biyu.”

Ya miƙa hannu ya danna ƙararrawa. Shiru. Ya sake dannawa har yatsa ya yi zafi. Ya ƙwala wa direba kira. Direba bai waiwayo ba, ko numfashi ba a gani a kafaɗarsa. Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshe ya yi masa nauyi. Haƙƙin wani ai ba ya barin baki ya yi sauƙi.

“Tasha ta gaba, Ƙofar Ruwa.”

Waya ta motsa a aljihunsa. Saƙon mahaifiyarsa ne: Barira na kan gwiwa tun jiya, abin ya zo da gardama, a taya da addu'a.

“Ina za ki?” ya ce.

“Barka.”

“Gidan wa?”

“Ka sani. Nawa ya tafi. Zan ɗauki naka.”

“Tasha ta gaba, Gwammaja.”

Ga masallacin unguwarsu. Ga mai shayin bakin layi. Bas ta rage gudu, ta karya ta shiga lungun da ko amalanke da ƙyar take wucewa. Can gaba ya hango ƙofar gidansa, mata biyu tsaye da fitila.

“Ki ɗauke ni ni. Ki bar su.”

“Me zan yi da kai?”

“Don Allah.”

“Tashi.”

“Na kasa.”

“Ranar ma kasawa ka yi?”

Hannunta ya nufi ƙararrawa. Yatsun farare fat. Haladu ya fashe da kuka, ƙato da shi.

“A'a. Ƙi na yi. Na gan ki. Idona biyu.”

Hannun ya tsaya. Motar ma ta tsaya, amma ƙofa ba ta buɗe ba. Yana jin muryar Barira daga cikin gida, tana kiran sunan Allah.

“Tashi,” ta sake cewa.

Kujerar ta sake shi. Ya miƙe. Matar ta juya, ta dafe ƙugu, ta zauna a hankali. Ta sauke wani dogon numfashi mai sanyin ƙanƙara.

“Kwana arba'in ina tsaye,” ta ce. “Ɗanka zai zo. Na bar maka shi. Amma duk ranar da ka zauna, a kujera ko a tabarma ko a ƙasa, ni zan tashi. Kuma na ga ƙofar gidan.”

Ƙofar baya ta buɗe. Ya faɗa waje. Ba Gwammaja ba ce, gindin gangarar nan ce ta Busan, iska na kaɗawa. Waya ta yi ƙara. An samu namiji, uwa da ɗa lafiya.

Tun daga ranar a tsaye yake cin abinci. In barci ya zo, sai ya zube ta gefe kamar icen da aka sare. Bayan shekara guda ya ce ƙila mafarki ne, ya sayi tikitin gida. Ya shiga jirgi, aka nuna masa kujera. Ya fara lanƙwasa gwiwa ke nan, waya ta yi ƙara. Barira ce, tana ihu: yaron ya sandare a hannunta, ido ya juye. Haladu ya miƙe zumbur. A cikin wayar ya ji yaron ya tsala kuka.

Jirgi kuwa ba ya tashi da mutum a tsaye. Aka sauke shi.

Kun san Mu'azzam na layin bayanmu, wanda kuke buga ƙwallo tare? Ɗan Haladu ne. Shekararsa tara, bai taɓa ganin ubansa ba sai a waya. Kullum yana tambaya, “Baba, yaushe za ka zo?” Uban ya ce gobe. Yana can har yanzu, ƙafafu sun kumbura, yana tsaye don ɗansa ya rayu.

To, in Allah ya kai ɗayanku garin nan, kada ya shiga bas shi kaɗai da almuru. In kuma ka ga babu kowa a ciki sai mace ɗaya zaune a kujera mai ruwan hoda, bar ta ta wuce. Hutawa take yi, kada a tashe ta.

Nafisa, kashe fitilar.