Wanda Ya Amsa a Bayan Motona

Da la'asar sakaliya na tashi daga Buza a kan moto, wato babur, jakar Kalla ɗaure a bayana. Ƙauyensu na can bayan tabkin Keita. Zan kai wa uwarsa kayansa, in gaya mata abin da ba a faɗa ta waya.

Ni da Kalla taubasai ne. Tare muka tafi cin rani, tare muka sami aiki a wani jirgin ruwa da ke tsaye cikin teku, gaban Lome. Jirage rututu a wurin, kowanne na jiran a ba shi hanyar shiga tasha. Mu 'yan Adar da ke cikinsu sai muka kafa fada, majalisarmu ta hira. Duk Lahadi mu hau kwalekwale mai inji, mu bi jirgi-jirgi muna kwasar juna, mu tafi gaɓa. A gasa kifi, a ɗora shayi, a yi ta zuba ƙarya. Ni ne sarkin tsiya. Na taɓa sa wa Kalla ƙaguwa mai rai a aljihu, ya yi rawar da ko a bikinsa bai yi ba.

Doka ɗaya gare mu. In za a koma, ba a tada inji sai an kira sunan kowa ya ce, "Na shiga." Ba a barin ɗan gida a baya. Ni ke kiran, don bakina ya fi na kowa kaifi.

Ranar da igiyar ruwa ta fizge Kalla daga tsanin jirgi, ya amsa sunansa lafiya lau. Muka yi nema har muka gaji. Ko takalminsa teku bai maido ba.

Rana na faɗuwa na tsaya a gangaren wani dutse don in ƙara ɗaure jakar. Ba kowa. An girbe gero, sai kara ke kaɗawa. Da zan tada moto, bakina ya riga hankalina. Sabo.

"Kalla ɗan Asiya, mai tsoron ƙaguwa," na rera, yadda na saba.

"Na shiga."

Bayan moto ya lotsa.

Ban waiga ba. Warin gishiri ya cika mani hanci, da ƙarnin ɗanyen kifi, a ƙasar da ba ta san teku ba. Wani abu na ɗiga a kan salansa mai zafi. Cas. Cas.

"Rabo," ya ce a kunnena. "Kun daɗe ba ku kira ni ba."

"Kalla?"

"Ja mu tahi, ɓarawon kifi. Sanyi nika ji."

Wallahi daɗi na fara ji kafin tsoro. Na ja.

"Inna na nan?"

"Tana nan."

"Tana dama fura har yanzu?"

"Tana damawa."

Rigata ta jiƙe daga wuya har ƙugu.

Sai ga tabki a gefen hanya, baƙi, ko motsi babu. Kwaɗi suka yi tsit. Hannuwa biyu suka zagaye cikina. Na duba ƙasa. Yatsu kumburarru, farare fat.

Kan moto ya karkata da kansa.

"Kalla, ba nan ne hanya ba."

"Ba ni ba ne, Rabo. Ruwa ba shi sakin nashi. Inda duk ya gan ni sai ya jawo."

Na taka birki. Babu.

Laka. Taya ta shiga. Inji ya mutu, amma muna tafiya.

Ruwa a gwiwa.

"Kai ka kira ni," ya ce. "In ba ka sallame ni ba, tare za mu."

"Ba a barin ɗan gida," na ce.

"Ga hayaƙin garinmu can," ya ce. "Saura kaɗan, Rabo. Saura kaɗan."

Ruwa a ƙirji.

Na kira Allah. Na rufe ido. Na faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba a fadarmu.

"Sauka, Kalla. Mun bar ka."

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Igiyar jaka ta tsinke. Na ji ta faɗa ruwa a bayana.

Da rarrafe na fito. A ƙasa na ƙarasa garin, hannu banza.

Inna Asiya na tsakar gida tana kashe wuta. Na durƙusa a gabanta. Ta shafa bayana. Rigar ta fara bushewa, ta yi fari da gishiri. Ta taɓa yatsanta a harshe.

"Ina kuka rabu?"

"Bakin tabki, Inna."

"To. Ya yi kusa."

Ban koma Lome ba. An ce fada ta watse, don ba wanda ya yarda ya karɓi kiran suna. Ni kuma duk yamma nakan raka Inna bakin tabki, ta zauna da ƙwaryar fura a cinya. Na roƙe ta, don Allah, kada ta kira shi. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Jiya na ga leɓenta na motsi.