Koren Aro

A wata firamare a Gaya, kowane ɗan aji shida yana da ɗan fangalinsa na alayyafo a bayan aji. Kamalu ya saba shi ne gaba a komai. Sai ga Afra'u, baƙuwa daga Toranke, alayyafonta ya yi kore shar. Nasa kuwa tsilli-tsilli, don gogan naka ya fi son ƙwallo da ban ruwa. Ƙyashi ya hana shi sakat.

Ran Litinin Malam Gwadabe ya zo da kwamfuta.

Ya ce, "Kowane hoto ƙananan ɗige-ɗige ne jingim. Manhajar nan tana ƙirga su, ta faɗi launin da ya fi yawa. Gobe zan ɗauki hoton kowane fangali. Wanda korensa ya fi yawa, nasa za mu nuna wa iyaye ran Alhamis."

Kamalu ya ce a ransa, "Wai wannan baƙuwar? Ina!"

Da sassafe ya yago ganyen darbejiya, ya lulluɓe fangalinsa. Malam ya ɗauki hotuna a gurguje. Manhaja ta ce kore ya fi yawa a na Kamalu. Afra'u ma har da tafi, shi kuwa daɗin bai kai masa ciki ba.

Ran Alhamis iyaye suka zo, har da babansa. Ganyen ya bushe ƙayau. Malam ya sake ɗaukar hoto, manhaja ta ce ruwan ƙasa ne ya fi yawa.

Baba ya yaye ganyen. Alayyafon ya kwanta, ya yi yaushi.

Ya ce, "Kamalu, mene ne wannan?"

Kamalu ya fashe da kuka. "Baba, haushi nake ji nata ya fi nawa."

Malam ya ce, "Manhaja launi kawai take ƙirgawa, ba ta san ganyen aro ba. Amma kai ka sani."

Kamalu ya ba Afra'u haƙuri.

Ta ce, "Ba komai. Nawa ma ya yi cunkoso, zo ka ciri dashe. Amma fa safe da yamma ake ba shi ruwa."

Haka ya yi. Kafin hutu fangalinsa ya yi kore, na gaske. Ya gane ƙyashi ba ya ƙara wa mutum komai. In wani ya fi ka, tambaye shi yadda ya yi, ka dage.