Abayar da Amir Ya Bi

Gahawa Muhibba ta kawo wa Amir, abokin yayanta, ta tarar yana cika baki da labarin lungunan Garanada ta ƙasar Sifen, inda ya yi kwas.

"Tsohon gari da ƙafa ake saninsa," in ji shi, suka haɗa ido.

Ita kuwa haifaffiyar Riyad ce, amma ko tsohuwar unguwar Dira ba ta taɓa takawa ba. Daga nan soyayya ta ƙullu.

Abbanta, Dakta Mijinyawa, ya ce atafau. "Ban san asalinsa ba. In na ji kun haɗu, magana ta mutu."

Ga shi lokacin ba a barin saurayi da budurwa su jera a titi. Sai gogan ya ƙirƙiro dabara: direba ya sauke ta a Dira da sunan sayen turare, ta shige gaba, shi yana baya yana turo mata saƙo ta waya.

"Dubi dama, Hubbina. Ganuwar Masmak ke nan, zallar laka."

Aka kira la'asar, shaguna suka rufe, mutane suka watse. Ya matsa kusa da baƙar abayar da yake bi, ya yi raɗa, "Hubbi." Wata tsohuwa ta juyo ta galla masa harara.

Saƙo ya shigo: "Habibi ina kake? Lungun nan ba kowa, tsoro nake ji."

Ya kira, wayarta a kashe. Ya zaga lungu-lungu, kowace abaya irin tata ce. Tsoro ya kama shi sosai, ya kira mahaifinta.

"Abba, ni ne Amir. Na ɓatar da Muhibba a Dira. Laifina ne."

Tare suka same ta a ƙofar wani shagon darduma tana kuka, cajin wayarta ya ƙare. Dakta ya ɗauki 'yarsa suka tafi gida, Amir ya sallama cewa ya rasa ta.

Bayan kwanaki Dakta ya kira shi. "Wanda ya kawo ƙarar kansa saboda 'yata, na san asalinsa. Turo magabatanka. Allah ya yi muku albarka."

Bayan biki suka koma Dira. Da suka shiga lungu, sabo ya sa ya ja baya. Ta tsaya ta kamo hannun rigarsa.

"Matso nan, angona, kar ka sake bin wata tsohuwa."